Mako na Uku

A Peterhead, inda teku ke miƙo abinci da dama
ya karɓe mutum da hagu,
akwai Elspeth Cordiner.
Shekara talatin da ɗaya ta yi tana feɗe kifi a masana'anta
har yatsunta suka lanƙwashe kamar ƙugiya.

Ba ta zuwa ranar jana'iza.
Ranar gida a cike yake, furanni har bakin ƙofa.
Sai mako na uku,
sa'ad da furannin suka langaɓe a kwalba,
waya ta yi shiru,
maƙwabta suka fara tsallaka titi gudun haɗa ido,
a nan ne za a ji ƙwanƙwasa uku
da ƙamshin miyar kifi da dankali.

Ba ta cewa a yi haƙuri.
Ta ce kalmar ta sha hannu kamar tsohon kwabo.
Zama take ta buɗe wasiƙun da aka ji tsoron buɗewa,
ta banki, ta inshora,
ta kuɗin wuta mai ɗauke da sunan mamaci.
Ta maƙale waya a kafaɗa, a bar ta a layi minti arba'in,
tana wanke kofunan da suka kwana uku.

Ran Alhamis da yamma kuwa
tana tsohuwar rumfar taru, bayan tashar jiragen ruwa,
da hita guda mai tari kamar dattijo.
Yara kan shigo da jiƙaƙƙun takalma,
kowa da nasa wanda bai dawo ba.

Innes ya zo a Nuwamba, ɗan sha huɗu.
Jirgin babansa ya fita ran Talata,
aka tsinto akwatin ƙanƙara da safar hannu ɗaya.
Bai gaishe ta ba.
Ya tsaya a ƙofa yana jifan tsuntsayen teku.
Ta miƙa masa allurar ɗinkin taru.
"Ga ɓula nan. Ba a farawa daga tsakiya.
Daga inda bai yage ba ake kamowa."

Mako tara bai ce uffan ba.
A na goma, kansa a sunkuye, ya ce,
"Na fara manta muryarsa."
Ba ta ɗago ba.
"Dougal ɗina, fitonsa kaɗai ya rage mini.
Ja zaren, ƙullin nan ya yi sako-sako."

Da hunturu ya kusa fita,
Alasdair, mijinta, ya yi barci a kujera
da jarida a kan gwiwa, bai farka ba.
Garin duka ya zo, aka ci, aka sha shayi, aka watse.
Furanni suka yi abin da suka saba.

Tana zaune a kicin, ba ta kunna fitila ba,
ambulan huɗu a kan tebur tana kallonsu suna kallonta,
sai ƙwanƙwasa uku.

Innes ne, ruwan sama na zuba daga gashinsa,
ya riƙo tukunya da hannun rigarsa don zafi.
Gishiri ya yi yawa. Dankalin bai nuna ba.
Ta sha, ta ƙara cokali biyu.

Bai ce ta yi haƙuri ba.
Ya ja kujerar da ba ta Alasdair ba,
ya ɗauki ambulan na sama
ya ce, "Ina tabaraunki?"