Hunturun Cikin Firiji

A Brisbane hunturu baƙo ne mai kunya,
ya leƙo da asuba, kafin hantsi ya sulale.
Mahaifiyata Hendrika ta ce wannan ba sanyi ba ne,
sai ta sayi nata hunturun,
fari, dogo, yana gurnani a lungun kicin.

Can ƙasa, inda wasu ke ajiye latas,
nan take kwantar da 'ya'yan tulif,
masu kama da albasa, ɓawonsu launin shayi,
cikin jakar takarda, da kwanan wata da fensir.
Mako takwas, ba ragi.
Tuffa ba ta shiga gidanmu daga Afrilu,
wai numfashinta na kashe furen tun yana ciki.

Ran da mijina Lachlan ya yanka ɗaya zai soya ƙwai,
kwana uku ba ta amsa gaisuwarsa ba.
Shekarar da ruwa ya ci unguwa, wuta ta ɗauke,
ba fasfo ta ɗauka ba, ba hotuna ba,
jakar ta rungume har shagon Stavros mai kifi,
ta roƙe shi gurbi kusa da ƙanƙara.
Furen bara waccan, in ji ta, ƙarni yake.

Na taɓa ce mata, Mama, ga furanni nan
da ke son rana, ba sai an yaudare su ba.
Ta ce ba yaudara ba ce.
Akwai abin da sai ya sha sanyi
yake tuna dalilin zuwansa.
Shekara hamsin da biyu tana zufa a garin nan,
ba ta koma Friesland ba ko sau ɗaya.

Ta rasu tsakiyar Afrilu.
Na zo kwashe kaya, na buɗe firiji:
rabin lemo, man shanu, maganin ido,
da jakar, da rubutunta mai rawa:
kar a taɓa sai ƙarshen Mayu.

Na bar firijin a kunne cikin gidan da ba kowa.
Na biya kuɗin wuta.
Na binne su da yamma, tsini sama, zurfin tafin hannu.

Sha biyu na shuka, bakwai suka fito,
gajeru, jajaye, wuyansu a karkace.
Kwana shida suka yi kafin zafi ya zubar da su.
Na koma gida na sayi tuffa,
na kasa sa ta a firiji.