Fuska ta Biyu

Shekara talatin ina sayar da muryoyi a kasuwar Tawa,
rumfata tsakanin mai gyaran agogo da masu kilishi.
Nan Nomau ya tarar da ni wata Lahadi,
ƙafarsa duk jar ƙasar Bambai,
ya rataya jitar da ya ƙera da hannunsa:
gwangwanin man girki, icen aduwa,
tsirkiya uku na wayar birkin keke.
Ya ce, "Kai ne mai kama murya ka rufe a akwati?"
Na ce ni ne.
Ya ce, "To, kama tawa."

Muka jira injin niƙa ya yi shiru.
Ya buɗe wani kaye na ƴan lakwal,
rabi lissafin ƙanensa, rabi baitocinsa,
ya yi waƙar rijiya mai gaba arba'in,
da ta albasar da ta ruɓe a bakin hanya tana jiran mota,
da ta Zali, wadda mijinta ya tafi Abijan damina bakwai,
yana aiko da zane, ba ya aiko da ranar dawowa.
A tsakiyar wannan jaki ya yi kuka a bayan rumfa.
Na ce mu sake.
Ya ce, "Bar shi, ɗan garinmu ne."

Dala ɗari ɗari na sayar da ita.
Direbobi suka kai ta Konni, suka kai ta Agadas,
ƴan cin rani suka cusa ta cikin buhun tufafi.
Wani ya dawo daga gaɓar teku ya ce mini,
ƙarti goma sha biyu a ɗaki ɗaya,
in an zo wurin jakin sai kowa ya juya fuska ga bango.

Sai Yamai ta kira.
Aka ba shi jita mai wuta, mai tsirkiya shida,
aka ɗinka masa shadda, aka ce ya rage baiti,
mutanen otal ba su da haƙurin rijiya mai zurfi.
Ya rage. Suka tafa.
Ya ƙara ragewa, suka ƙara tafi,
har ya zamana guga ba ya taɓa ruwa.
Shekarar da matarsa ta kwanta asibiti
ya sayar da kayen nan jikka sittin
ga wani yaro mai kyan fuska.
Ban ga laifinsa ba. Magani ba ya jin amshi.

Yau waƙar Zali tana cikin kowace waya,
da ganga ta inji, da sunan wani.
Ƴan kabu-kabu na rera ta a gaban rumfata,
ni kuwa na koma loda waƙa a kati,
dubu a abu kamar farcen yaro.

Jiya ya zo, furfura har gira,
yatsun hagu sun ƙi miƙewa.
Bai tambayi kuɗi ba, bai zagi kowa ba.
Ya ce, "Tana nan?"
Na zaro ta daga ƙasan akwati.
Rediyon ya ja zaren ya tauna,
na fito da shi a hankali, na naɗe da biro,
shi yana kallo kamar ana ɗaure wa ɗansa karaya.

Fuska ta farko ta shaƙe, sai gunji.
Na juya ta biyu.
Ga saurayin nan, ga wayar birki tana kuka,
ga Zali a bakin zaure.
Nomau ya ɗaga yatsa ɗaya, ya ce in yi shiru,
bai bi waƙar da baki ba,
jakin yake jira.