Bakin Ruwa a Baturiya

Mun sauka Baturiya ran da ba kasuwa.
Ba janareto, ba hon ɗin mota,
sai iska cikin kacala.
Sagir ya zare yatsu daga kunnuwansa.

Hansatu ta durƙusa a gaɓa
tana jera katantanwa,
ƙanana gaba, manya baya.
In na taɓa ɗaya, yini ya ɓaci.

Wani masunci na ɗinkin koma.
Bai ce "me ya same su?" ba,
ya dai matsa,
ya bar wa yaron inuwar kwalekwale.

Shekara tara ina jiran "Umma" daga bakinsa.
Yau ya kwaikwayi kukan kirinjijiya,
sau uku,
tsuntsuwar ta amsa.

Ban ji haushinta ba.
To, na ɗan ji.