Gudumar Orval

A kwarin Salmon, can Idaho, ƙanƙara ta toshe ƙofar rumfa.
Na share ta da shebur, na shiga inda Baba ya bar kayansa:
tukunyar dalma a sanyaye, ludayin ƙarfe rataye a ƙusa,
mazuban harsashi guda bakwai, kowanne cikin tsohuwar safa.
Gudumarsa kuwa ta tsage biyu,
kamar ta riga mu jin labari.

Merle Haskins na ƙetaren shinge ya ce, "Wilda, kar ki wahala.
Akwai ta roba a kanti, dala tara, da ragi ran Talata."
Na saya. Na kaɗa ta a tafin hannu.
Ba ta da murya.
Da ta taɓa zafi sai ta yi ƙauri, ta bar baƙin tabo,
na wurga ta aljihun tebur, wurin matattun batura.

Ta ƙarfe kuwa, ba a ma zancenta.
Ina 'yar shekara tara na koyi wannan,
ranar da na ɗauki hamar kafinta na ƙwala wa mazubi a gefe,
leɓɓansa suka daina haɗuwa,
harsashi ya riƙa fitowa da tukku.
Baba bai daka mini tsawa ba.
Ya daɗe yana juya shi a hasken taga,
sannan ya ce, "Ƙarfe ba ya lallashin ƙarfe.
Nemo abin da zai yarda ya ji ciwo a madadinsa."

Sai na shiga neman itace.
Katakon gini, kwana uku ya zama tsintsiya.
Reshen tuffar bayan gida ya yi kyau a ido,
ashe ɗanye ne, da ya ji ɗumi ya buɗe baki.
Har na fid da rai, na ja ƙofa zan rufe,
sai ga ƙotar gatari jingine a lungu,
ta hikori, wadda ta karye a hannunsa
hunturun da Mama ta kwanta ba ta tashi ba.
Shekara goma sha ɗaya bai jefa ta a murhu ba.
Ban san dalili ba. Bai kuma faɗa ba.

Na auna daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, na sa zarto.
Magagari ya ci kaifin gefe,
garin itace ya zubo mini a takalmi, fari, mai ƙamshi.
Ban yi mata kai ba. Sanda ce kawai, mai kauri a gaba.
Wurin riƙo na bar shi yadda yake,
baƙi, mai santsi, da gurbin babban yatsan da ya fi nawa.

Na kunna wuta. Dalma ta kwanta, ta zama madubi.
Na kwashe dattin sama, na ɗiba, na zuba,
na jira ɗigon kan marfi ya dusashe.
Ƙwas, marfi ya yanke wutsiya.
Na buɗe. Ya maƙale.
Ba a dukan jikin mazubi; a ƙusar gaɓa ake taɓawa.
Ƙwas.
Ya faɗo kan tawul, da zafinsa.

Goma sha biyun farko duk yamushe suke kamar fuskar jariri,
na mayar da su tukunya.
Na sha uku ya fito sumul, kowane layi a tsaye.
Na duba gudumar: ga ɗan lotsawa, na farko, nawa.

Da la'asar Merle ya leƙo, hularsa a hannu,
hancinsa ja don sanyi.
Ya ce yana gyaran waya a shinge ya ji ƙarar,
har ya ajiye filaya.
Bai ƙarasa zancen ba.
Na tura masa kujerar Baba da ƙafa,
na ce ya miƙo mini gwangwanin kofi in zuba waɗannan,
dalma ba ta jira.