Inda Alkalami Bai Taɓa Ba

A sansanin masu gyaran titi, can hanyar Bukur,
aka kira ni in rubuta musu allon gargaɗi.
Ina dama fenti, idona ya faɗa kan wata takarda
rataye a bangon sito, tsawonta ya kai zanen ɗaurawa.

Duwatsu ne, baƙar tawada zalla,
wannan ya goya wancan har rufin ɗaki,
ruwa na saukowa siriri kamar zaren kaɗi,
can ƙasa ga ɗan mutum da sanda,
bai fi ƙwayar acca ba.
Tsakiya kuwa fari fat.

Na ce wa tsoho Wen, mai riƙon makullai,
"Tawada ce ta yanke wa mai zanen nan?"
Ya yi dariya har tabarau ya zamo kan hanci.
Da Hausarsa ta kasuwar Terminus ya ce,
"Garinmu gajimare ke kwana a gindin dutse.
Ka tashi da asuba, rabin duniya babu.
Abin da ido bai samu ba, hannu ba ya ƙirƙira."

Ya ce masu zanen malamai ne,
alkalamin wasiƙa shi ne na dutse.
In fada ta ishe su, su ajiye hula,
su haura tsauni da tulun shayi,
su dawo bayan wata guda, su rufe ƙofa,
sannan su zana abin da ya rage a ƙirji.
Shi ya sa mutum yake ƙanƙane.
Wanda ya kwana a gindin tsauni ya san awonsa.

Ranar Lahadi na haura Shere da zuge da ƙaro.
Namu duwatsun ba sa miƙewa irin nasu,
curi-curi suke, ɗaya bisa ɗaya,
kamar tallan doya da wani ƙato ya sauke ya manta.
Ga kerana ta kewaye gona,
ga tafkin kuza, kore shar, mai haɗiye awaki,
ga Kachollom tana haƙar dankali, goyo na barci.
Na cika takarda maƙil, ban bar ko tafin jariri ba.
Mu da muka saba da bayan tirela,
fili a wurinmu asara ne.

Sai hazon Agusta ya taso daga kwari,
ya lashe gonar, ya lashe tafkin,
ya bar min kan dutse ɗaya da ƙarar fartanya.

Na juya takardar ta baya.
Layi uku na ja, na ɗiga mace da goyonta,
na riƙe hannuna da ɗayan hannun.

Da na kai wa Wen, ya daɗe yana kallo,
ya sa yatsa a farin wurin,
ya ce, "Nan akwai sanyi."