Kalma Tana Da Haƙori

A makaranta mun haddace su don cin jarrabawa:
rajista, lasisi, shaidar lafiya, sakaci.
Muka ninke takardun, muka tura ƙasan akwati.
Wa ya gaya mana kalma tana da haƙori?

Ni ce Nélida Arbiza, likitar dabbobi.
Shekara ashirin da biyu ina bin gonakin Tacuarembó,
hannuna ya san cikin saniya fiye da aljihun rigata.
Sunana na cikin kundin hukuma,
tsakanin wani da ya mutu da wata da ta bar ƙasa.

Sai ruwan Yuli ya haɗiye gada.
Wilmar Techera ya bugo waya daga ƙetaren kogi:
"Dakta, tumaki ɗari uku, motar mai saye na jira.
Kin gan su a Maris, lafiyarsu ƙalau.
Sa hannu kawai."
Sau nawa na sha shayin mate a ɗakin girkinsa?
Ni na rufe idon karensa ranar da tsufa ya kayar da shi.
Na sa hannu.
Biron ko nauyi bai yi ba.

Sha ɗaya a cikinsu suna ɗingishi.
Suka kai ciwon kofato garken wani mutum a Durazno,
mutumin da ban taɓa ganin fuskarsa ba.

A Montevideo, ɗaki mai dogon tebur,
kwamitin ladabtarwa, mutum biyar.
Ta ukunsu ni na koya mata riƙon allura.
Suka ce, shaida: abin da idonki ya gani
a ranar da hannunki ya rubuta.
Na ce, na san garken nan tun kakanninsa.
Suka ce, sani daban, dubawa daban,
kuma Maris ba Yuli ba ne.
Dabba ba ta ƙarƙashin kulawarki
don kawai maigidanta amininki ne.
Gani ya kori ji, haka aka saba faɗa.
Ni na bar ji ya kori gani.

Awa biyu suna auna kalma biyu a bayan ƙofa,
sakaci ne ko ha'inci,
ina zaune kan benci ina ƙirga tayil.
Aka tsaya kan sakaci.
Dakatarwa, wata shida.

Na ɗauka hutu ne mai ɗaci,
sai a wata na huɗu, tsakar dare,
Irupé, 'yar maƙwabcina, ta doki ƙofa ba takalmi:
goɗiyarsu na naƙuda, ƙafar ɗan ta karkace.
Jakata na rataye a bayan ƙofa, tana kallona.
A daren na gane ma'anar kalmar:
ba allura, ba wuƙa, ba rubuta magani,
hannu na ƙaiƙayi, doka ta ce ajiye shi.

Na kira Yamandú, wanda tawadar lasisinsa ba ta bushe ba.
Minti arba'in muna jiran fitilar motarsa.
Da ya iso bai durƙusa ba tukuna,
ya tsaya gaban mai goɗiya ya faɗi haɗarin, ya faɗi kuɗin,
ya ce, "Ka yarda?"
Kamar in yi ihu.
Amma yardar mai dabba ita ma kalma ce,
kuma yaron bai tura tasa ƙasan akwati ba.

Na riƙe tocila. Shi ke nan aikina.

Duƙushi ya faɗo kan ciyawa, jiƙe, yana huci,
uwar ta juyo da kai ta lashe shi.

Yamandú ya buɗe littafin aiki a kan gwiwa,
sunan magani, yawansa, sunansa shi.
Ya ce, "Dakta, ƙarfe nawa ya fito?"
Bakina ya buɗe zai ce uku da kwata.
Na rufe shi.
Na ce, "Ban duba agogo ba.
Haske nake riƙe da shi."