Rafin Aboabo Ya Dawo Min da Ajiyata

Ni tela ne, shagona na bakin gada,
A Aboabo, cikin Kumasi,
Inda rafi ke bi ta bayan ɗakunanmu
Yana jan ƙafa, kamar majinyacin da ba a dubawa.

Kakata Lariba takan ce nan ta yi wanki,
Ta shanya zannuwanta kan ciyawa,
Ta ga tarwaɗa, ta ga fuskarta cikin ruwa.
Mu kuwa sai dariya:
Iya, wannan kwatar? Tsufa ya kawo mantuwa.

Ba zan ɓoye ba, tunda na ɗauki alƙalami.
In hadari ya haɗo, unguwa kan kasa kunne.
Ɗigon farko na sauka, sai ƙofofi su buɗe:
Mai koko da bokitinta,
Bakanike da baƙin mai, mai abinci da tulin leda,
Ni ma da buhun ƙyallaye a kafaɗa.
Mu juye, mu karkaɗe hannu, mu ce ruwa ya tafi da shi.
Ina zai kai shi? Babu mai tambayawa.

Daren wata Laraba, bayan lisha,
Rafin ya zo, bai yi sallama ba.
Ya tura ƙofa, ya taka tabarma, ya kai gwiwa,
Ya kwantar da keken ɗinkina kamar ragon layya.
Na saɓa Fusaina a wuya,
Muka kwana tsaye a barandar masallaci, muna rawar ɗari har wayewa.

Da safe na koma.
Ƙarƙashin gado, cikin laka da robobi,
Ga wani ƙyalle, shuɗiyar shadda mai zanen ganye.
Na gane shi. Almakashina ya yanke shi,
Ragowar rigar sallar Malam Sahabi,
Wata uku da jefarwa.
Ashe ajiya na ba rafin, shi kuwa ba ya cin amana:
Ya kawo min kayana har ɗaka,
Ko zare bai rage ba wajen mayarwa.

Kwana huɗu, Fusaina ta kwanta, amai da gudawa.
Ina zaune ina ƙirga ɗigon ƙarin ruwa
Na tuna karatun zaure:
Ruwan da launinsa ya jirkita, ko ɗanɗano, ko wari,
Ba a tsarki da shi.
Namu ya faɗi duka ukun.
Ruwa ba ya tsami banza, mu muka yi tsamarwa.

Allah ya tashi kafaɗunta.
Yanzu ƙyallaye matasan kai nake cusawa,
Sharar gida kuwa, mai keken bola
Na karɓar 'yan sidina yana kwashewa.
Ran Asabar mu bakwai ne da shebur a bakin gada.
Wani ya leƙo daga mota: ai aikin gwamnati ne!
Na ce ta yi nata, muna kira,
Amma ba ita ta kwana a barandar masallaci ba.

Tarwaɗa dai ba mu gani ba tukuna.
Ruwan baƙi ne har yau, warin na nan da tsakar rana.
Sai jiya Fusaina ta ja min hannun riga:
Baba, dubi mazari!
Ya sauka kan ruwan, ya ɗan taɓa, ya tashi.

Ƙyallen nan na wanke shi, na ɗaure a wuyan keke.
Duk mai kawo ɗinki sai ya tambaya,
Ni kuma ba na gajiya da faɗawa.